Sharhi: An ɗora kalmar "penisilin ba ya karɓa ta" bisa sikeli

Duk wanda ya taɓa kwanciya asibiti, a Maraɗi ne ko a Katsina, ya san tambayar da ma'aikacin jinya kan yi kafin ya ɗaura ruwa ko ya yi allura: "Akwai maganin da ba ya karɓar ka?" Amsar da majinyaci ya bayar, sau da yawa yana cikin magagin zazzaɓi, ita ake rubutawa a goshin katinsa, wani wurin da jan biro, kuma daga ranar ta zame masa kamar shaidar wuta da ake yi wa raƙumi, duk kasuwar da aka kai shi da ita za a gan shi. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, sunan maganin da ya fi kowane yawan fitowa a wannan gurbi shi ne penisilin. To a ƴan shekarun nan likitocin Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya sun ɗora wannan rubutu bisa sikeli, suka tarar mafi yawansa ba ya da nauyin da ake ba shi. Abin da ya biyo baya shi ne wani sabon aiki a asibitocinsu, inda ake gwada majinyaci tun yana kwance, in ta tabbata maganin ba ya yi masa komai a goge rubutun, a kuma shaida masa baki da baki cewa an goge.

Alƙaluman da suka tayar da maganar na da ban mamaki. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce kimanin kashi 10 cikin 100 na majinyatan ƙasar ne ke cewa penisilin ba ya karɓar su, amma idan aka gwada, masu matsalar da gaske ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. Ke nan a cikin mutum 10 masu ɗauke da wannan shaida, 9 za su iya shan maganin lafiya lau. Ko waɗanda abin ya taɓa kama su da gaske ma, hukumar ta ce kimanin 8 cikin 10 jikinsu kan daina gaba da maganin bayan shekara 10. A Ingila kusan kashi 6 cikin 100 na jama'a ne ke da wannan rubutu a takardunsu na likita. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa, binciken da aka wallafa a shekarar 2023 ya samu kimanin kashi 3 cikin 100 na waɗanda ke kwance a asibitocin gwamnati da na kuɗi.

Mai karatu ɗan kasuwa zai iya cewa, ina ruwan mai saro kaya a Jibiya ko Ɗan Isa da takardun asibitin Turawa? Ruwansa babba ne, domin maganin da ake magana a kai yana cikin waɗanda suka fi tafiya a kan teburanmu, yana kuma cikin kwanon jarin mai yawo da magani a tasha.

Penisilin ba magani ɗaya ba ne, dangi ne guda. Wani Bature ɗan Sikotilan mai suna Alexander Fleming ne ya gano shi a Landan a shekarar 1928, sannan Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka tace shi har aka fara yi wa majinyaci a 1941, su ukun kuma suka samu lambar Nobel a 1945. Daga wannan tushe ne aka samu ampisilin a 1961, da amoksisilin a 1972, da kloksasilin. A ɓangaren Nijar an fi sanin sunaye irin su Clamoxyl da allurar Extencilline, a ɓangaren Nijeriya kuma Amoxil da Ampiclox, Augmentin kuwa ko'ina an san shi. Duk waɗannan ƴan gida ɗaya ne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka ga mutumin da ke rantsuwa cewa penisilin ba ya karɓar sa, alhali a watan jiya ya shanye katin Ampiclox saboda maruru, bai ji ko ƙaiƙayi ba. Wannan ita ce tambayar farko da likitocin da ke aikin gogewa kan yi: tun bayan abin da ya same ka, ka sake shan wani daga cikin dangin? In ya sha ya zauna lafiya, magana ta ƙare, ko gwaji ba a bukata.

To ina rubutun ƙaryar ke samo asali? Mafi yawa daga ƙuruciya. Yaro ya kwana biyu yana zazzaɓi da tari, aka ba shi amoksisilin na ruwa, a kwana na uku ko na huɗu ƙuraje suka feso masa a ciki da baya, uwa ta tsorata, ma'aikacin lafiya ya ce a dakatar da maganin, shi ke nan an yanke hukunci. Alhali cututtukan ƙwayar bairos da yawa na yara, da baƙon dauro da ƴan uwansa, da ƙuraje suke zuwa ko an sha magani ko ba a sha ba. A birnin Montreal na Kanada an tara yara 818 da aka ce amoksisilin ba ya karɓar su, aka sake ba su a gaban likita, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna kashi 94 cikin 100 sun sha ba abin da ya same su. Yaron nan zai girma ya zama magidanci, uwar da ta ga ƙurajen wataƙila ta riga mu gidan gaskiya, shi kuma abin da ya riƙe kawai shi ne an ce kada ya sha.

Wasu kuma zawo suka yi, ko tashin zuciya, ko ciwon kai. Waɗannan illolin magani ne da aka sani, ba su da daɗi, amma ba su ne abin da likitoci ke kira alerji ba, wato garkuwar jiki ta tashi yaƙi da magani kamar ta ga maƙiyi. Akwai kuma masu cewa babansu ba ya sha, don haka su ma sun haƙura. Likitoci ba sa hana ɗa penisilin don mahaifinsa bai dace da shi ba.

A wajenmu akwai ƙarin hanyoyi biyu da suka fi na Turawa ƙarfi. Ta farko ita ce haɗin magani. Mutum ya je wurin mai tebur ya ce jikinsa na ciwo, a ƙulla masa iri huɗu ko biyar a leda ɗaya, fari da ja da kafso, babu kwali babu suna. In jiki ya yi bori, wanne za a kama? Galibi kafson ake ɗora wa laifi. Tsofaffinmu sun tuna ƙaiƙayin kulorokin, wanda ke hana baƙar fata da yawa barci kwana biyu, kuma wannan ƙaiƙayi ba ruwansa da penisilin. Haka nan Bactrim, wanda ƙetaren iyaka ake kira Septrin, ba ɗan gidan penisilin ba ne ko kaɗan, kuma an san shi da haddasa munanan cututtukan fata. Sau nawa laifinsa ya faɗa kan amoksisilin don an sha su tare? Ta biyu ita ce allura. Allurar penisilin mai daɗewa a jiki tana da kauri, tana da zafi, kuma mutumin da ya fito tun asuba bai karya ba, ya sha zaman layi cikin rana, yana iya ganin jiri ya sulale bayan an cire allurar. Suma ce ta tsoro da zafi, amma a bakin dangi ta zama "allura ta kusa kashe shi".

Da a ce rubutun ba ya cutar da kowa, da sai a bar shi. Shekara da shekaru haka likitoci ke gani, wai rigakafi ya fi magani, in majinyaci ya ce kada a ba shi sai a nemi wani. Binciken shekarun baya-bayan nan ne ya nuna wannan taka-tsantsan yana da farashi. Wata likita a Boston mai suna Kimberly Blumenthal da abokan aikinta sun bi takardun manya sama da 300,000 a Ingila, suka wallafa a 2018 cewa masu ɗauke da rubutun sun fi sauran kamuwa da ƙwayar cutar MRSA mai taurin kai da kashi 69 cikin 100, sun kuma fi su kamuwa da wani mugun zawo da ke biyo bayan shan magani mai ƙarfi da kashi 26 cikin 100. Wani binciken nasu na wannan shekarar, a kan majinyata sama da 8,000 da aka yi wa tiyata a babban asibitin Massachusetts, ya nuna haɗarin wurin aikin ya ruɓe ya ƙaru da kusan rabi ga masu rubutun. Dalili a fili yake. Kafin a yanka mutum akan yi masa allurar sefazolin don ta tare ƙwayoyin cuta, to da likita ya ga jan biron sai ya ja da baya ya ɗauko wani maganin da bai kai shi aiki ba.

Shi wannan sefazolin, da seftiriyakzon da ake yi wa masu sanƙarau, dangi ne na nesa da penisilin. An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa 1 cikin 10 na waɗanda penisilin bai karɓa ba su ma waɗannan ba za su karɓe su ba. Yau an san wannan lissafi ya yi yawa, domin ya samo asali ne daga zamanin da magungunan farko na wannan gida ke fitowa da ɓurɓushin penisilin a cikinsu. Alƙaluman yanzu na nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne ko ƙasa da haka. Ga ƙasar da ta ga sanƙarau na 2015, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya kama mutum 8,500 a Nijar ya kashe 573 cikin wata shida, jinkirin ba da seftiriyakzon saboda ƙurajen da aka yi shekara 20 baya ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa. A Ingila gwamnati ce ke ɗaukar bambancin kuɗin. A nan majinyaci ne ko ɗan uwansa ke riƙe da takardar magani ya nufi farmasi. Amoksisilin na cikin mafi arahar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake maye gurbinsa da su kuwa galibi sun fi shi tsada, wasunsu sai ta jijiya, wanda ke nufin ƙarin kwanaki a gado, shago a rufe, ranar kasuwa ta wuce. Kamar direban da aka gaya wa gada ta karye ne, ya bar kwalta ya bi ta daji, ya ƙona mai ya fasa taya, alhali gadar na nan daram. A ƙaramin asibitin ƙauye ma sau da yawa babu zaɓi na biyun gaba ɗaya.

Abin ya wuce majinyaci ɗaya. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da ya fi ko'ina yawan mace-macen, idan aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gida uku: na farawa da su, na sa ido, da na ajiya don ranar da komai ya ƙi. Amoksisilin da penisilin suna gidan farko. A watan Satumba na 2024 shugabannin ƙasashe suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da mutane ke amfani da su su zama na gidan farko. Duk majinyacin da aka rufe wa ƙofar penisilin bisa kuskure, an tura shi ne gida na biyu ko na uku, an kuma ƙara wa ƙwayoyin cuta damar sabawa da makaman da ya kamata a ɓoye musu.

Yadda ake gwajin shi ne ɓangaren da ya fi canjawa, shi ne kuma ya sa maganar ta shafe mu. A da sai an je wurin ƙwararren likitan alerji, ya ɗiga sinadari a fatar hannu ya ɗan tsaga, sannan ya yi ƴar allura a cikin fata, in ba ta tashi ba a ba mutum ya sha. Sinadaran na da tsada, ƙwararrun kuma ko a Turai ba su wadata ba, balle a nan. A shekarar 2020 wani likita a birnin Melbourne na Ostireliya mai suna Jason Trubiano da abokan aikinsa suka fito da wani ɗan ma'auni da suka kira PEN-FAST, wanda tambayoyi uku ne kawai. Abin ya faru cikin shekara 5 da suka wuce? In haka ne maki 2. An samu kumburin fuska da leɓe, ko sarƙewar numfashi da faɗuwa, ko mummunan ciwon fata? Maki 2. Sai da aka yi wa mutum magani kafin abin ya lafa? Maki 1. Wanda ya tashi da ƙasa da maki 3, yiwuwar a ce yana da matsalar da gaske ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Daga nan aka gwada ko masu ƙaramin maki za su iya tsallake gwajin fata. A binciken PALACE da aka wallafa a 2023, an raba manya 382 a cibiyoyi 6 na Amurka da Kanada da Ostireliya gida biyu, rabi aka yi musu gwajin fata kafin su sha, rabi aka miƙa musu maganin kai tsaye ana kallon su. A kowane ɓangare mutum ɗaya tak ne jikinsa ya nuna bai karɓa ba, kuma babu wanda ya shiga mummunan hali. A 2025 wani binciken a Ingila mai suna ALABAMA, da ya ƙunshi mutum sama da 800, ya samu fiye da 9 cikin 10 na waɗanda aka gwada ba su da matsalar. Kayan aikin ke nan: tambayoyi, ƙwayar amoksisilin, agogo, ma'aikacin da zai zauna kusa da majinyaci kimanin awa ɗaya, da allurar adirenalin a shirye bisa tebur. Wasu asibitocin kan fara da ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar, a jira rabin awa sannan a ba da sauran. Bayan an sallami mutum akan ce ya sa ido na wasu kwanaki, domin akwai ƙurajen da kan makara kafin su fito. An fi son yi wa wanda ke kwance saboda gado na nan, ma'aikata na nan, kuma sau da yawa a wannan kwanciyar ce yake bukatar maganin.

A nan ne ya kamata a ja kunne, da babbar murya. Cewa 9 cikin 10 ba su da matsala na nufin akwai na goman, kuma shi nasa na iya zama ajali. Alerjin gaske na gaggawa kan zo ne cikin mintoci zuwa awa ɗaya bayan shan magani ko allura: borin jini ya tashi ruɗu-ruɗu, leɓe da harshe da ido su kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jini ya faɗi mutum ya zube. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce a naman cinya nan take. Maganin ƙaiƙayi da su hidrokotizon ba sa tsaya mata. Akwai kuma wani nau'in da kan zo bayan kwanaki, inda fata ke yin bororo tana saluɓewa kamar ƙuna, baki da ido su yi gyambo, ko zazzaɓi ya haɗu da kumburin fuska da taɓuwar hanta ko ƙoda. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ba a gwada shi da shan magani ko a asibitin da ya fi kowane kayan aiki, rubutunsa na nan har abada. Saboda haka kada wani ya karanta wannan sharhi ya ce bari ya gwada a gida, kada kuma mai shagon magani ya ce wa abokin cinikinsa "sha mu gani". Wurin da babu adirenalin da wanda ya iya amfani da ita, ba wurin gwaji ba ne.

In aka zo gida, ni a ganina matsalarmu baki biyu gare ta, ba kamar ta Turawa ba. Su rubutu ne ya yi musu yawa. Mu muna da masu gudun maganin ba dalili, muna kuma da masu matsalar gaske waɗanda ba a taɓa rubuta musu komai ba, waɗanda ke sayen kafso a tasha ba wanda ya tambaye su. Ga kuma jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kimanin 1 cikin 10 na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuma ya ba da rahoto a 2023 cewa an kama sama da tan 605 na irin waɗannan kaya a Afirka ta Yamma tsakanin 2017 da 2021. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin Lome na watan Janairun 2020 don yaƙar wannan fatauci. Abin da wannan ke nufi ga batunmu shi ne, wanda ya ce ya sha amoksisilin na tebur jikinsa ya yi bori, ba lalle ne amoksisilin ya sha ba. Haka wanda ya ce ya sha ya zauna lafiya, wataƙila garin alli ya haɗiya. Tambayar "ina ka sayo shi?" dole ta shiga cikin tambayoyin likitanmu, ko da ba ta cikin na Melbourne.

Duk da haka ribar gyaran ta fi yawa a nan, domin cututtukan da penisilin ne sarkinsu a ƙasashenmu suka yi sansani. Amoksisilin ne maganin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa ciwon haƙarƙarin yara, wato limoniya, shi ake kuma ba yaran da tamowa ta yi wa tsanani. Yaron da aka haifa da sikila ana so ya riƙa shan penisilin kullum har ya kai shekara 5, tun bayan binciken Amurka na 1986 da ya nuna hakan ya rage munanan cututtukan jini da kashi 84 cikin 100. Mace mai ciki da aka samu da tunjere, allurar benzatin penisilin ce abin dogaro wajen kare jaririn cikinta daga ɓari ko haihuwarsa da cutar. Muhimmancinta ya kai ko matar na da alerjin gaske, a manyan asibitoci akan saba wa jikinta da maganin kaɗan-kaɗan cikin awoyi don dai a yi mata. A nan ma akwai tarko, domin bayan allurar farko mai tunjere kan yi zazzaɓi da ciwon jiki cikin kwana ɗaya saboda mutuwar ƙwayoyin cutar, wanda bai sani ba sai ya ce allurar ce ba ta karɓe ta ba.

Sai ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba, wanda ke lalata ƙofofin zuciya. Masu shi na bukatar wannan allura kowane mako 3 ko 4, shekara da shekaru. A yankin Gulu na Yuganda an bi yara sama da 800 da cutar ta fara taɓawa, sakamakon da ya fito a ƙarshen 2021 ya nuna cikin shekara 2 ta ci gaba a jikin kashi 8.2 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa allurar ba, amma kashi 0.8 kawai a cikin waɗanda aka yi wa. Sai dai ma'aikatan lafiya da dama a Afirka na tsoron wannan allura, kuma tsoron ba na banza ba ne, domin an samu waɗanda suka mutu jim kaɗan bayan an yi musu. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta duba waɗannan mace-mace, ta bayyana a 2022 cewa da yawansu ba alerji ba ne, masu zuciyar da ta riga ta lalace sosai ne waɗanda ba su iya jure faɗuwar jinin da zafin allura ke jawowa ba. Ta ba da shawarar irin waɗannan a duba yiwuwar mayar da su kan na sha, sauran kuwa a ci gaba da yi musu, su ci abinci su sha ruwa kafin allura, a kuma yi musu a kwance. Wani tsohon bincike na 1991 ya ƙirga allurai sama da 32,000 a jikin mutum 1,790, inda mutum 4 suka shiga halin gaggawa, ɗaya ya rasu.

Ba na ganin hikima a ce kowane ƙaramin asibiti ya fara gwaji gobe. Inda ya dace a fara shi ne manyan asibitocin jiha da na koyarwa, irin na Yamai da Damagaram da Maraɗi, da na Kano da Sakkwato, inda akwai likita dare da rana. Amma rabin aikin ba ya bukatar ko ƙwaya ɗaya, tambaya ce kawai da haƙurin sauraro, kuma wannan majo na CSI ma zai iya: wane magani ne, yaushe, me ya fito, bayan minti nawa ko kwana nawa, me aka yi maka, me ka sha tare da shi. Majinyacin da ya zo da amsoshin nan a kansa, ko ya tambayi mahaifiyarsa tun tana raye, ya rage wa likita rabin wahala. Mai sayar da magani da ke da lasisi shi ma yana da rawar takawa, in ya saba da tambayar mai saye kafin ya miƙa, ya kuma san cewa Ampiclox da Augmentin da Clamoxyl gida ɗaya suka fito.

Turawan da suka fara aikin sun ci karo da wata matsala da ba su zata ba, wato rubutun da aka goge yakan dawo. Majinyaci ya koma gida, bayan shekara ya je wani asibitin, aka yi masa tambayar nan ta kullum, bakinsa ya maimaita abin da ya saba faɗa tun yana yaro. In haka ta faru a ƙasar da takardun asibiti ke cikin kwamfuta, ina ga fataken da yau yana Konni, jibi yana Illela, ranar Alhamis yana Maigatari, karnensa na faransanci, katinsa na can ƙetare na turanci, kowanne kuma bai san da ɗan uwansa ba? Wanda aka gwada, ko aka goge masa ko aka tabbatar masa, ya roƙi likita ya rubuta masa sakamakon a ƴar takarda da harsunan biyu, da ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba, da ranar gwajin da hatimin asibiti, ya ɗauki hotonta a waya, ita kuma ya naɗe ta wuri ɗaya da katin ɗan ƙasa da yake nunawa a bakin iyaka.